Rantsuwar Lado da Filin Ƙwallon Maraɗi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar 'yan hatsi ta kasuwar Jibiya ya san Malam Lado ya je Kano kallon ƙwallo a shekarar casa'in da tara. Ko bai tambaya ba zai sani. Mutum zai zo sayen gero, kafin a gama ɗinke masa bakin buhu ya ji yadda aka wanke Kano tas lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya, yadda aka shafe gefen tituna da fari da baƙi, yadda fitilun filin Ƙofar Mata suka hana kajin unguwa shiga akurki don sun zaci rana ba ta faɗi ba. Zai ji yadda Lado ya ga 'yan Japan da idonsa, da Turawan Ingila da zafin bazara ya mayar da su jajaye kamar tattasai. In mai sayen bai yi sauri ba, har gasar Afirka da ta biyo baya sai an kai shi, a dire da ta 'yan ƙasa da sha bakwai.

Matarsa Zaituna ta haddace labarin, har ta san inda yake tsayawa ya yi gyaran murya. Da labari ne kawai, da ba ta damu ba. Abin da ya dame ta shi ne rantsuwar da labarin ya haifa.

Auren zumunci ne nasu. Mahaifiyar Zaituna, Rabi'a, ƙanwar mahaifin Lado ce, haifaffiyar Jibiya da aure ya kai Maraɗi tun tana yarinya. Ita ta goya Lado da mahaifiyarsa ta rasu, ta haɗa shi da ɗanta na fari, Kalilu, suka tashi kwano ɗaya. Taubasai ne kuma sa'o'i, don haka ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da wani ya sha tsiya ba. To, wata rana a gidan suna a Maraɗi, kusan shekara goma ke nan, Lado ya ɗauko labarin Kano a gaban jama'a, ya ƙare da cewa ƙasar da ba ta taɓa saukar da baƙin ƙwallo ba, ba ta san duniya ba. Kalilu, wanda tela ne mai kaifin almakashi da kaifin baki, ya bari sai da ya kai aya.

"To ai Kano ta sauke baƙi, ba Jibiya ba," ya ce. "Kai ma baƙon kake. Ina jin har da kai anka ƙidaya cikin 'yan Japan."

Aka kwashe da dariya, har mata daga cikin gida. Lado ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Wallahi ƙafata ba ta ƙara taka Maraɗi sai ran da ƙasashe sunka zo garin nan buga ƙwallo, da tutocinsu da takensu!"

Kowa ya ɗauka kafin watan gobe maganar ta bi iska. Ba ta bi ba. Liman ya gaya masa abin mai sauƙi ne, ya ciyar da miskinai ya warware, tun da rantsuwar da ta raba mutum da zumunci ba abin riƙo ba ce. Lado ya ce ciyarwa ba ta gagare shi ba, amma in ya yi kaffara Kalilu zai ji, in kuwa Kalilu ya ji, sai dai shi ya bar wa mutane kasuwa. Ba gaba suke ba. Suna waya, suna tsokanar juna, Kalilu yana zuwa Jibiya ya kwana. Amma duk lokacin da Zaituna za ta gida, Lado zai raka ta har Magama, bakin iyaka, ya sa ta a mota, ya ba ta goro da turare da sabulu ta kai wa Goggo, sannan ya juya babur ɗinsa.

Da can tsohuwar kan zo da kanta. Sai ƙafa ta ƙi, sai ido ya yi hazo. Waya kuwa ba ta yarda da ita ba, ta ce ita ba ta gaisawa da ƙarfe. Zuwan Zaituna na ƙarshe, tsohuwar ta karɓi goron, ta juya shi a hannu, ta ce, "Goro na zuwa, mai goro bai zuwa. Ki hwaɗa mishi in yana son in gane shi ya yi hanzari, idon nan sallama yake yi." Zaituna ta dawo gida da maganar. Ta faɗa wa Lado, ya ƙi cin tuwo, amma da gari ya waye rantsuwa na nan inda take.

Ana haka, farkon shekarar dubu biyu da sha tara, tana tankaɗe a tsakar gida ta ji rediyo na cewa Nijar ce za ta karɓi baƙuncin gasar matasan Afirka, kuma za a yi wasannin a Yamai da Maraɗi. Ta ajiye rariya. Ba ta taɓa sanin bambancin mai tsaron gida da alƙalin wasa ba, amma ranar sai da ta bi labarin tasha uku don ta tabbata. Daga baya ta ji har Nijeriya za ta zo Maraɗin ta kara da masu gida, ranar wata Juma'a.

Ta jira Lado ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa a tabarma.

"Malam, na ji wai ƙasashe za su zo Maraɗi ƙwallo."

"Na ji," ya ce, yana kallon sama.

"Da tutoci, in ji su. Har da take."

"Wasan yara ne. 'Yan ƙasa da shekara ashirin."

"Allah sarki. Na Kano fa, dattawa ne sunka buga?"

Ya juyo ya dube ta. Ita kuwa ta duƙufa kan tsince wake kamar ba ita ta yi magana ba.

"Wancan na duniya ne, Zaituna. Duniya duka. Kin san Japan?"

"Ban san ta ba. A rantsuwar dai ban ji an sa ta ba."

Ta san shi sarai: in aka matsa masa ta gaba, sai ya kafe kamar jakin da ya ga gada. Don haka ta bar maganar kwana biyu, sannan ta ɓullo ta gefe, tana zuba masa ruwan alwala.

"Ni tausayi ma suke ba ni, mutanen garinmu. Ba su taɓa yi ba. Ba su da wanda ya san yadda ake yi, balle ya duba musu ya ce nan kun yi daidai, nan kun yi kwaɓa. Yaya Kalilu sai cika baki yake a waya, wai filinsu ya fi na Kano."

Buta ta tsaya a hannun Lado.

"Shi ya ce haka?"

"Har ya ce ciyawar kamar darduma."

"Kalilu ya san ciyawa? In ba wadda akuya ke ci ba?"

Da yamma ya sanar a rumfa cewa zai je Maraɗi. Ba ziyara ba, ya ce, kowa ya ji da kyau. Duba aiki zai je.

Ranar Juma'ar suka fita da hantsi. Lado ya sa babbar riga, ya ɗauko wata tsohuwar hula mai kore da fari da ya saya a Ƙofar Mata, wadda koren ya koɗe ya koma kalar miyar kuka. Magama cike take da samarin Jibiya da na Katsina, a babura da ƙananan motoci, suna busa ƙaho tsakanin manyan motocin hatsi da suka yi layi. Zaituna na lura da shi. Da suka iso wurin da ya saba juyawa, sai da ƙafarsa ta ɗan tsaya da kanta. Ya gyara hula, ya yi bismilla a hankali, ya shiga mota.

A Ɗan Isa, bayan sun tsallaka iyaka, wani jandarma ya leƙo, ya ga hular, ya yi murmushi. "Alhaji, kun zo amsar kashi?"

"Mun zo koya muku," in ji Lado.

Tun daga nan bakinsa bai huta ba. Ya ga inda aka cike ramukan hanya, ya ce sabon ciko ne, damina ɗaya zai yi. Da suka shiga gari ya ga tutocin ƙasashe jere a kan turaku, ya ƙirga su a zuci, ya ce ba laifi. Ya ga katangun bakin titi sun sha sabon fenti, sai ya sa direba ya rage gudu, ya leƙa wani lungu, ya dawo da fuska cike da jin daɗi.

"Na hwaɗa! Fuska ɗaya sunka shafa, wadda baƙi za su gani. Bayan katanga na nan yadda yake." Ya koma ya jingina. "Haka munka yi a Kano."

Zaituna ba ta taɓa jin wannan ɓangaren labarin ba.

Bayan an sauko daga masallaci suka sami Kalilu a shagonsa, ƙyallaye kore da fari da ruwan lemo sun rufe ƙasa. Tun da aka fara gasar yake ɗinkin tutoci, har ya ɗauko telolin unguwa suna taya shi. Da ya hango Lado sai ya miƙe, ya dafe ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ku kawo ruwa, baƙon Japan ya sauka!"

"Ɗan mace, rufe mini baki. Ina tikitin da ka ce ka yankar mini?"

"Suna gida."

"To aika a ɗauko. Filin zan wuce, in duba shi tun kafin jama'a su cika. In an tashi na shigo in gaida Goggo."

Zaituna ta ɗago kai. Ta san abin da "in an tashi" ke nufi. In an ci Nijeriya, Lado ba zai tsaya Kalilu ya gan shi ba, motar farko zai faɗa. In Nijeriya ta ci, samarin Jibiya za su ɗauke shi a sama sai Magama. Ta dubi yayanta. Kalilu ya sosa ƙeya.

"Ai aike bai amso su. Wurin tsohuwa na ba da ajiya, kar yara su yaga. Ta ƙulle su a bakin zane."

"Kuma Malam," Zaituna ta ce a hankali, "yau Juma'a. Ka shigo gari ka wuce ƙofarta ka tahi kallon ƙwallo? In anka ji a rumfa fa?"

Lado ya dubi Kalilu, ya dubi Zaituna, ya ga kamannin da bai taɓa lura da su ba.

"Gaisuwa ce kawai," ya ce. "In shiga in fito."

Tsohuwar na zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, inda inuwar darbejiya ta sauka. Ta ƙanƙance ƙwarai. Lado ya cire takalmi tun daga nesa, ya yi sallama, ya durƙusa. Ba ta amsa da suna ba. Ta miƙo hannu biyu ta laluba hular, ta sauko goshi, ta shafa gemu.

"Wanga gemu na wa? Lado nawa bai da hurhura."

"Ni ne, Goggo."

"To zamna da kyau. Durƙuson mai shirin tashi kake yi."

Ya zauna. Zaituna ta raɓe a bakin madafa, inda take ganin su duka.

Aka fara. Ina gajiya, ina hanya, ina gida, ina iyali, ina kasuwa. Ya amsa da sauri-sauri, yana satar kallon ƙullin da ke bakin zanenta. Ta tambayi 'yarsu Mufida da karatunta. Ya ce lafiya lau. Ya gyara zama zai kawo maganar tikiti, sai ta ce:

"Ina mutanen gidan Sarkin Pawa?"

Nan Zaituna ta sunkuyar da kai don kar a ga bakinta. Ta san wannan gaisuwar. Tsohuwar ba ta gaida mutumin Jibiya shi kaɗai. Daga bakin tsohuwar rijiya take farawa, ta bi unguwar gida-gida yadda ta bar ta tana amarya, ba ta tsallake ko zaure ɗaya. Da Lado na zuwa a kai a kai, da abin bai wuce ɗan lokaci ba, don labarin wata ɗaya ba shi da yawa. Yanzu kuwa na shekaru ne ya taru.

"Sarkin Pawa ai ya rasu, Goggo. Zaituna ba ta hwaɗa miki ba?"

"Ta hwaɗa. Amma kai ne maƙwabcinsa, kai zan yi wa gaisuwa. Allah ya jiƙan shi. Mu yi mishi Ƙulhuwallahu."

Suka yi. Suka shafa. Ta shiga gida na gaba.

Daga can nesa ana jin ganguna da ƙaho sun fara tashi. Kalilu na tsaye a bakin zaure yana nuna wa Lado agogon hannunsa, fuskarsa kamar ta mai jaje, kafaɗunsa na rawa. Aka kira la'asar, suka je suka yi, suka dawo. Lado ya yi fatan ta manta inda ta tsaya. Ba ta manta ba. Ta gama da unguwa, ta fita gonakin Kusa, ta tambayi tsamiyar da ke kan iyakar gonar kakansu ko tana nan. Ta tsallaka Mazanya wurin dangin kakarsu. Wanda ya haihu a yi masa barka, wanda ya mutu a yi masa addu'a, wanda ya tashi ya bar ƙauye saboda rashin kwanciyar hankali a yi shiru kaɗan, a ce Allah ya kawo sauƙi.

Zaituna ta lura da wani abu. Tun wajen gonakin Kusa, Lado ya daina kallon ƙullin. Amsoshinsa sun ƙara tsawo. Shi da kansa yake cewa, "Af, Goggo, kin tsallake gidan Makaɗa," ya ba ta labarin yadda jikan gidan ya sayi mota ya kasa shigar da ita lungu. Ta yi dariya har da tari. Rabon Zaituna da jin wannan dariyar ta manta.

Wata gagarumar sowa ta taso daga filin, alamar 'yan wasa sun fito. Tsohuwar ta karkata kunne.

"Abin naku ne anka fara ko?" Ta jawo bakin zane, ta kwance ƙullin da haƙori, ta fito da tikiti biyu da suka nannaɗe kamar ganyen shayi. "Ungo. Ku tahi. Na gan ka, ko ba da ido ba. Dama saura mutum ɗaya ban tambaya ba, a bar shi sai wani zuwan."

"Wa ke nan?"

"Yayana. Kabarinsa. Ko ana gyara shi bayan damina."

Mahaifinsa take nufi. Lado ya karɓi tikitin, ya riƙe. Zaituna ta zuba masa ido. Ba ta san ko akwai wani zuwan ba, kuma ta ga shi ma lissafin da yake yi ke nan. Ya juya takardun a hannu, ya dubi zaure, sannan ya miƙa wa Kalilu duka biyun.

"Tahi kai. Ka samu wani ka ba ɗayan. Ka buɗe ido da kyau ka ga yadda za a yi muku."

"Duba aikin fa?"

"Wane duba ake yi cikin hayaniya? Kai dai ba ka san komi ba."

Ya cire hular Ƙofar Mata ya ajiye gefe, ya tanƙwashe ƙafa, ya fara ba ta labarin kabarin, da itacen da ya dasa a kai, da yadda ya yi girma. Zaituna ta shige madafa, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido, ko da yake ba ta riga ta hura wutar ba.

Rana ta yi sanyi, suna cin ɗanwake a kwano ɗaya, sai garin ya yi wani irin nishi gaba ɗaya, ganguna suka ɗauke. Can ƙasa-ƙasa ana jin ihun wasu 'yan tsiraru. Lado ya tsaya da loma a hannu, ya saurara, fuskarsa ta washe.

"Goggo, mun ci!"

"Su wa?"

"Mu. Nijeriya."

"To ni da anka haifa Jibiya na tsufa Maraɗi, na ci ko an ci ni?"

Lado ya tura mata kwanon. "Ci ɗanwakenki, Goggo," ya ce.

Gab da magariba Kalilu ya dawo, tutarsa a naɗe a hammata. Ɗaya da nema aka tashi. Lado ya tarye shi tun daga zaure, ya yi masa sannu da hanya, ya tambaye shi ko a kawo masa ruwa, ko jiƙo, ko a kira mai ɗori. Kalilu ya bari ya gama.

"Na ji. Amma gobe in ka koma rumfa, mi za ka ce ka gani? Mutum ya zo tun daga wata ƙasa, ko ƙofar filin bai gani ba. Ni kuwa na gani. Ciyawa kore shar, fitilu, kujeru. Ya fi na Kano."

"Yau ai kowane fili kyau gare shi," in ji Lado, ya koma muryarsa ta rumfa. "Ba ranar wasa ake gane saukar baƙi ba. Sai sun tahi, an kwashe tutoci. Sannan a ga wa ke ba ciyawa ruwa, wa ke canza fitilar da ta mutu, ko awaki ne za su gaje wurin. Mu da munka yi mun sani. Wanga aiki ba na zuwa ɗaya ba ne." Ya juya wajen madafa, ya ɗaga murya. "Zaituna! Juma'a ta sama za mu dawo in fara dubawa. Daga nan duk wata sai na leƙo, har in ga yadda za ta yi da bazara."

"To, Malam," ta ce. "Allah ya ba da ikon dubawa."

Tsohuwar ta laluba ta ɗauki hular mai kalar miyar kuka, ta cusa ta ƙarƙashin buzunta, ta zauna a kai.

"Wagga ta zamna nan," ta ce. "In ka zo duba hakin filin ka amsa."